Lalurar rashin natsuwa ba ta cika zuwa ita kaɗai ba

A kusan kowace makarantar Islamiyya ko ta boko a Gusau, ko Ƙauran Namoda, ko Talatar Mafara, akwai yaron da malami yake haddace sunansa tun makon farko saboda yawan kiransa da yake yi. Shi ne wanda ana biya karatu idonsa yana taga, ya tashi ba a ce ya tashi ba, ya amsa tambaya tun ba a rufe baki ba, ya fizge alƙalamin na kusa da shi, sannan idan an tashi ya koma gida da takalmi ƙafa ɗaya. A gida ma haka zancen yake: a aike shi sayen gishiri da daddawa ya dawo da daddawa kaɗai, ko kuma a bi sawu a tarar da shi a bakin titi yana kallon masu facin taya, kuɗin aiken yana dunƙule a hannunsa. Mutane suna da sunaye da yawa ga irin wannan yaro, daga mai ƙiriniya da mai rawar kai har zuwa mai kunnen ƙashi, kuma mafi yawan yaran da ake kira da waɗannan sunaye lafiyarsu ƙalau, ƙuruciya ce kawai take ɗibarsu. Sai dai a cikinsu akwai waɗanda abin nasu ya wuce ƙuruciya, domin suna ɗauke da lalurar da likitocin ƙwaƙwalwa suke taƙaita sunanta da ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi da aikata abu kafin a yi tunani.

Lalurar daɗaɗɗiya ce, sunan ne baƙo a kunnuwanmu. Tun a 1902 wani likitan yara a Landan mai suna George Still ya yi bayanin yaran da basirarsu take daidai amma ba sa iya riƙe kansu, kuma ƙiyasin da aka fi dogara da shi a yau yana nuna cewa kimanin yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, manya kuwa 2 zuwa 3 cikin 100. Ƙa'idar gano ta tana da tsauri fiye da yadda ake zato. Littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sabunta a 2013, wanda ake kira DSM-5, ya sharɗanta cewa alamomin su kasance sun bayyana kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata 6, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma suna kawo cikas na haƙiƙa ga karatu ko zama da mutane. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai tabbatar da ita. Tarihin yaron ne hujja. Saboda haka yaron da yake ƙiriniya a gidan kakarsa kaɗai, inda ba mai kwaɓarsa, amma ya natsu a gaban malami, bai shiga wannan lissafi ba.

Abin da ba a cika sani ba, har a tsakanin wasu ma'aikatan lafiya, shi ne cewa wannan lalura tana da 'yan rakiya, kuma sau da yawa ɗan rakiyar ne yake kai mutum asibiti, ko ofishin 'yan sanda, ko wurin mai ruƙiyya, ita kuwa uwar tafiyar ta laɓe a bayansa. A wani babban bincike da aka wallafa a 1999, wanda ya bi yara 579 masu lalurar a Amurka da Kanada, 'yan shekara 7 zuwa 9, an tarar cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suke da ita ita kaɗai. Kimanin 40 cikin 100 suna da lalurar bijire wa manya, kusan kashi ɗaya cikin uku suna fama da fargaba, wajen 14 cikin 100 kuma sun kai matakin kangara. A wajen manya, wani bincike na Amurka da ya fito a 2006 ya nuna cewa kusan rabin masu lalurar suna da wani nau'i na ciwon fargaba, 38 cikin 100 suna da ciwon damuwa ko danginsa, 15 cikin 100 kuma suna da matsalar shaye-shaye. Waɗannan alƙaluman na wasu ƙasashe ne, kuma ba daidai ba ne a ɗora su a kan Zamfara kai tsaye, amma abin da suke nunawa ya maimaitu a nahiyoyi dabam-dabam.

Dalilin wannan haɗuwa yana da rassa, kuma reshen farko gado ne. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa gado ne yake da alhakin wajen kashi 74 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan lalura, kuma wasu daga cikin ƙwayoyin gadon da suke janyo ta su ne dai suke buɗe ƙofa ga ciwon damuwa da shaye-shaye. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake bayan goshi, shi ne linzamin mutum: shi yake tsayar da hannu kafin ya kai duka, ya tsayar da harshe kafin ya furta, ya riƙe hankali a kan aikin da ba shi da daɗi har a gama. A wurin mai ADHD dokin yana da ƙarfinsa amma linzamin yana da rauni, kuma linzamin da bai riƙe ƙafa ba, ba zai riƙe fushi ko sha'awa ba. Reshe na biyu kuwa rayuwa ce take haifar da shi, domin yaron da ya shekara goma yana shan tsawa da gori da faɗuwa jarabawa, ba abin mamaki ba ne idan ya tashi da ƙuncin zuciya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, amma karayar nan targaɗen ne ya jawo ta.

Ɗan rakiyar da ya fi fitowa fili a ƙuruciya shi ne bijire wa manya, kuma a nan ne aka fi cakuɗa abubuwa biyu masu kama da juna. Yaron da ADHD kaɗai take damunsa, idan aka ce ya ɗebo ruwa bai ɗebo ba, mantawa ya yi ko wani abu ya ɗauke masa hankali a hanya, kuma idan aka tuna masa zai ruga da gudu, wataƙila ma ya zubar da rabin ruwan. Yaron da bijirewa ta shiga lamarinsa kuwa ya ji sarai, ya kalli mai maganar ya ce ba zai je ba, ya yi musu, ya tsokani ƙannensa da gangan, ya ɗora wa wani laifinsa, ya kuma riƙe abu a zuciya har sai ya rama. Na taɓa zama a zauren wata makaranta a Gusau lokacin da wani dattijo ya shigo riƙe da hannun ɗan ƙanensa, yaro ɗan shekara tara da tabon bulala a dantsensa. Bayan gaisuwa ya ce, "Allah gafarta Malam, ga ɗanka nan, mu dai ya gagare mu a gida, kada a raga masa." Malamin ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, da bulala tana gyara shi da ya gyaru tuni, domin duk ajin nan babu wanda ya kai shi shan ta." Yaron kuwa duk wannan magana da ake yi a kansa yana can yana bin wani ƙadangare da ido a jikin katanga.

Malamin nan ya faɗi abin da masana suka daɗe da tabbatarwa. Rashin natsuwa yana jawo tsawa, tsawa tana jawo duka, dukan da ya zama na kullum kuma yana rasa tasirinsa, sai yaro ya koyi cewa idan ya ƙara taurin kai manya za su gaji su ƙyale shi, su kuma manya su koyi cewa sai sun ƙara zafi kafin ya motsa. Kowane ɓangare yana horar da ɗaya a kan mugun hali ba tare da ya sani ba. A wurin wasu yaran, ba duka ba, wannan hanya tana zarcewa zuwa kangara ta sosai, wadda likitoci suke ɗauka a matsayin lalura mai zaman kanta: ƙarya da sata, cin zalin yara da dabbobi, kwana a waje, gudu daga makaranta, ɗaukar makami a faɗa. Idan waɗannan suka fara kafin shekara 10, sun fi wuyar kakkaɓewa. Nazarin da aka tattara daga gidajen yari na ƙasashe da dama ya nuna cewa kimanin fursuna ɗaya cikin huɗu yana da ADHD, kuma wani bincike na ƙasar Denmak da aka wallafa a 2015, wanda ya bi mutane kusan miliyan 2, ya gano cewa haɗarin mutuwar wuri ya ninka a wurin masu lalurar, galibi ta hanyar haɗurra, ya kuma ƙara hawa sosai idan kangara ko shaye-shaye suka haɗu da ita. A ƙasar Hausa irin wannan yaro gidan mari ake kai shi idan ya fi ƙarfin gida, kuma abin da samamen 'yan sanda ya bankaɗo a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina a 2019, na sarƙoƙi da raunuka, ya isa ya nuna cewa gudun gara ake yi a faɗa gidan zago.

Matsalar koyon karatu ita ma tana yawan biyo ta, musamman wahalar haɗa baƙi da sautinsa. Yaro ne mai wayo a hira, mai iya lissafin canji a kasuwa, amma ya shekara biyu yana juya babbaƙu iri ɗaya, ko ya haddace sura da ka ya kasa nuna ta a allo. Muhimmancin rarrabe wannan shi ne maganin ADHD yana iya zaunar da yaro wuri ɗaya, amma ba ya koya masa karatu. Wannan aikin malami ne mai haƙuri, da darasi gajere ana maimaitawa.

Fargaba da ciwon damuwa su ne 'yan rakiyar da ba su da hayaniya, shi ya sa aka fi tsallake su, kuma a nan ne maganar 'ya'ya mata take shigowa. An fi gano ADHD a wurin maza, kimanin ninki biyu a ƙuruciya, amma wani ɓangare na wannan rata ya samo asali ne daga yadda lalurar take bayyana a wurin mata da yawa, wato ta fuskar shagala ba tare da yawan motsi ba. Yarinya ce shiru-shiru, ba ta tsokanar kowa, tana zaune a aji amma hankalinta ya yi nisa. A gida ta ɗora tukunya ta manta har ta ƙone, a ce mata sakarya ko mai shiririta. Da yake ba ta damun kowa, ba wanda yake tunanin asibiti. Sai ta girma, an yi mata aure, hidimar gida da yara da baƙi da dangin miji ta taru a kanta, sannan abin ya fito da wata fuska dabam: rashin barci, faɗuwar gaba, kuka ba dalili, jin cewa ita ba ta iya komai ba. Idan ta samu zuwa asibiti, ciwon damuwa za a gani, kuma gaskiya ne tana da shi, sai dai a ƙarƙashinsa akwai wani abu da ya girme shi da shekara ashirin. Wahalar a nan ita ce fargaba da damuwa su ma da kansu suna hana natsuwa, domin wanda zuciyarsa take cike da tsoro ba ya riƙe karatu. Abin da yake raba gardama shi ne lokaci. Idan shiriritar ta kasance tun tana 'yar firamare, kafin baƙin ciki ya zo, kuma tana nan ko a lokutan da ranta yake fari, to ADHD ce a ƙasa. Idan kuwa da can mai natsuwa ce sai bayan wata musiba ta canza, to sai a nemi dalilin a wani wuri. Ya kamata a faɗa a fili cewa haɗuwar lalurar da ciwon damuwa tana ƙara haɗarin mutum ya yi yunƙurin halaka kansa, domin ƙunci ya haɗu da gaggawar aikatawa, don haka duk furucin da ya yi kama da wannan ba abin a yi wa dariya ko tsawa ba ne.

Shaye-shaye kuwa shi ne ɗan rakiyar da ya fi ci wa iyaye tuwo a ƙwarya. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 14.3, wato 14.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani abin maye a cikin shekara guda, kuma a 2018 ɗin ce gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ba kowane mai shaye-shaye ne yake da ADHD ba, kuma talauci da zaman banza da abokai suna da nasu kason. Amma nazarin da ya tattara bincike daga ƙasashe da yawa a 2012 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu matsalar shaye-shaye yana da lalurar, adadin da ya ninka na sauran jama'a sau da yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ta fuska uku ce. Mai lalurar yana saurin gwada abu kafin ya auna, shi ya sa yakan riga sa'o'insa fara sigari. Makaranta takan kore shi da wuri, sai ya faɗa tasha ko ramin haƙar zinariya ko kan babur yana kabu-kabu, inda tiramol da wiwi suke yawo kamar goro. Sannan wasu suna sha ne don neman sauƙin abin da ba su san sunansa ba, saurayi ya ce idan bai sha ba kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya, ko ba ya iya barci.

Wannan ne ya sa ake ganin saurayin da aka kai wurin gyaran hali sau uku, kowane karo ya fito fes, bayan wata biyu ya koma ruwa. An wanke ƙwayar daga jininsa amma abin da ya tura shi gare ta yana nan daram. Gano ADHD a wurin wanda yake cikin maye yana da wuya, domin ƙwaya da rashinta duka suna kawo rashin natsuwa, kuma a nan ma mafita ita ce komawa baya a tambayi mahaifiya ko yayarsa yadda yake tun kafin ya san sigari. Akwai kuma tsoron da iyaye suke yi, wanda yake da hujjarsa, cewa maganin da aka fi bayarwa, wato metilfenidet, yana cikin magungunan da doka ta sa wa ido saboda ana iya karkatar da su, don haka bai wa yaro shi kamar koya masa ƙwaya ne. Bincike bai nuna cewa yaran da aka yi wa magani a hannun likita sun fi faɗawa shaye-shaye daga baya ba, wasu manyan nazarce-nazarce ma raguwa suka gani. A Suwidin, binciken da ya bi masu lalurar fiye da 25,000, wanda ya fito a 2012, ya tarar cewa aikata laifi ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku a wurin maza a lokutan da suke kan magani.

Akwai wasu 'yan rakiyar da ba su kai waɗannan yawa ba. Ciwon da yake kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ya jefa shi ramin damuwa yana kama da ADHD ta fuskar surutu da gaggawa, amma shi zuwa yake yi ya tafi: mutum ya yi kwanaki ba ya buƙatar barci, yana jin ya fi kowa, yana rabon dukiyarsa, sannan ya sauko. ADHD kuwa halin kullum ce. Rarrabe su wajibi ne, domin maganin ADHD yana iya tayar da wancan ciwo idan ba a fara kwantar da shi ba. Akwai motsin da yaro ba ya iya hanawa, kamar yawan ƙifta ido, ko girgiza kafaɗa, ko gyaran murya a kai a kai, wanda a wurinmu ake saurin danganta shi da iska ko a ce iskanci ne. Akwai kuma otizim, wanda jama'a suke cusawa cikin abin da suke kira galahanga, kuma sai a 2013 ƙa'idar likitoci ta amince a rubuta wa yaro ɗaya shi da ADHD tare.

Sai dai kama da wane ba wane ba ne, kuma a Zamfara akwai abubuwa biyu da duk mai duba yaro marar natsuwa bai kamata ya manta da su ba. Na farko gubar dalma ce. A 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya har Bagega, saboda ana kawo duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma cikin gidaje ana daka su ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda jarirai suke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta yi wa dubbai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma ƙarancin natsuwa da gaggawa da raunin karatu suna cikin sanannun illolinta ga ƙwaƙwalwar yaro. Maganin da yake fitar da ita daga jini yana ceton rai, amma ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Yaran da suka tsira a wancan lokaci yau samari ne da 'yan mata, wasu ma iyaye ne, kuma a ganina duk wanda ya fito daga yankin haƙar zinariya aka kawo shi da ƙorafin rashin ji, tambayar ko an taɓa niƙa dutse a gidansu ta cancanci ta zo kafin kowace tambaya.

Na biyu shi ne firgicin da rashin tsaro ya shuka. Yaron da ya ga an ƙone ƙauyensu, ko ya kwana a daji yana jin harbi, ko aka sace shi kamar ɗalibai mata 279 na Jangebe a watan Fabrairun 2021, yana iya komawa aji ya kasa zama, ya zabura idan ƙofa ta buga, ya yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya yi zuru kamar ba ya wurin. Wanda ya kalle shi daga nesa zai ce ADHD ce, alhali ciwon firgici ne, wanda yake da mafarin da za a iya nunawa da yatsa, yake kuma tafe da munanan mafarkai da gudun duk abin da zai tuna masa. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne ana iya samun duka biyun a yaro ɗaya. Ban da waɗannan, akwai nau'in farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi ido buɗe sau da yawa a yini, a ɗauka shagala ce. Akwai fenobabiton, tsohon maganin farfaɗiya mai araha, wanda shi kansa yana sa wasu yara ƙiriniya. Akwai zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sikila, da raunin ji, da yunwa, da rashin isasshen barci ga yaron da yake tashi tun asuba ya kwanta bayan karatun dare.

Idan an tantance, sai maganar wanda za a fara da shi, kuma ƙa'idar ita ce a fara da wanda ya fi barazana. Damuwa mai tsanani, ko zumuɗin da ya fita hankali, ko mayen da ake ciki tsundum, su ake fara tarewa. Idan kuwa bijirewa ce ko fargaba marar tsanani, sau da yawa kula da ADHD ɗin yana sassauta su, domin rigingimun da suke hura wutar sun ragu. Ga yaran da ba su kai shekara 6 ba, horar da iyaye ake gabatarwa kafin magani, kuma abin da ake koyarwa ba baƙo ba ne ga mai tarbiyya: a kira yaro a haɗa ido kafin a yi umarni, a ba shi aike ɗaya maimakon uku, a yaba masa nan take idan ya yi daidai, hukunci ya zama ƙarami kuma tabbatacce maimakon babba na lokacin fushi, a zaunar da shi kusa da malami nesa da taga. Inda ake tsoron karkatar da magani, kamar gidan da akwai mai shaye-shaye, likita yana iya zaɓar atomoksetin, wanda ba ya sa maye, ko da yake yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Metilfenidet yana rage cin abinci, yana iya hana barci, ana kuma duba zuciya da hawan jini da nauyin yaro, shi ya sa ba maganin da za a saya a kemis bisa shawarar maƙwabci ba ne.

Inda gizo yake saƙa shi ne masu yin wannan tantancewa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya, bisa abin da ƙungiyarsu take faɗa a 'yan shekarun nan, ba su kai 300 ba ga jama'a fiye da miliyan 200, waɗanda suka ƙware a kan yara kuwa 'yan ƙalilan ne a cikinsu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin marasa lafiya, amma doka ba ta haifar da likita. Mutumin Zamfara yakan fara ne da babban asibiti a Gusau, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, daga nan a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 200, ko na Kaduna. Wanda zai yi wannan tafiya a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu, ganin likita na minti ashirin ba zai wadatar ba sai ya je da tarihi a hannu. Ya kamata a tafi da wanda ya raini yaron tun yana goye, a karɓo bayanin malamin boko da na allo ko da a rubuce ne, a ɗauki katin sakamakon jarabawa na shekarun baya da kwalayen duk maganin da yake sha, sannan a zauna tun a gida a tuno abin da ya fara zuwa da abin da ya biyo baya: ko ƙiriniyar ta riga gudun hijira, ko shiriritar ta riga baƙin ciki, ko korar makaranta ta riga sigarin farko.